Mawaƙin Sin da Jiran Hauwa'u

Unguwar Dokki, daren Laraba, Agusta 2013

Hauwa'u ta ci! Malamai sun karɓi binciken jikata, kuma ta dawo gida lafiya.

Tun safe ta tafi jami'a a unguwar Madinat Nasr, can ƙetaren kogi. Ubanta ya hana ni raka ta, wai gari ba lafiya. Da la'asar wayarta ta daina shiga, ga harbi muna gani a talabijin, ga dokar hana fita ƙarfe bakwai. Na rasa inda zan sa kaina, sai na ɗauko waƙoƙin wani mawaƙin ƙasar Sin da take bincike a kansa, waɗanda ta juya mini da Hausa. Kullum tsokanarta nake yi: "Amarya, me ya haɗa ki da wanda ya mutu shekara dubu?"

Yau na bi su da yatsa, yadda aka koya mana a ajin dare. Ashe ma'aikacin sarki ne, wanda ya yarda cewa mai ilimi bawan jama'a ne. Da farko fada yake yabo. Da yaƙi ya raba shi da 'ya'yansa, sai waƙarsa ta koma kan masu gudun hijira da masu jira a bakin ƙofa. Nan na kasa ci gaba. Ni ma a bakin ƙofar nake.

Ana kiran magariba ta faɗo falo, takalmi a hannu, ta tako a ƙafa tun daga gadar kogi. "Ango, khalas, na gama! Ruwa tukuna."

Gobe kowa ya zo ya ga amaryata cikin rigar digiri. Amma ku zo da wuri, ku koma kafin bakwai.