Inna Asabe, Ƙafata Ba Ta Tsaya Ba

Zuwa ga Innata Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga wadda ta raine ta, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Shekara biyu ke nan da maza suka ɗauke ki daga gidanmu na unguwar Zahir, nan ƙasa mai tsarki, kuma akwai maganar da na kasa faɗa wa kowa sai ke.

Kin san da farko mata ba su yarda abin da kike yi rawa ce ba. A biki rawar gida suke so, ta Kano ko ta Damagaram. Ke kuwa sai ki sa a ajiye kiɗan ƙwarya, ki fito tsakar fili kina takawa kamar mai ɗauke da tulu cikin rairayi. Wata Hajiya ta taɓa cewa, “Wannan rawa ce ko ciwo?” Ba a yi wata guda ba ta aiko a kira ki sunan jikarta.

Mu shida kike koya wa bayan la'asar, ƙofa a rufe saboda maƙwabta. Babu kiɗa, sai numfashi da diddige. Kin ɗebo taku daga 'yan dakon Mina, da tsofaffin da rana ta gasa a Arfa. In mun yi lalaci sai ki ce, “Yalla ya banati, maza 'ya'yana, ba ado na ce ku yi ba, nauyi na ce ku ɗauka.”

Wadda ta fi ba ki wuya ita ce rawar da kika kira Hanya, wato tafiyarku a ƙasa daga Cadi zuwa Sudan. Shekara uku muna kanta ba ki ƙarasa ba. Da kin zo wuri ɗaya sai ki tsaya cak, ki waiga hagu, ki ce mu je mu yi alwala.

Bayan rasuwarki, shekarar da ake rushe gidaje don faɗaɗa Harami, aka roƙe ni in yi Hanya a wani suna, da hantsi. Niyyata in tsaya inda kike tsayawa.

Inna, ƙafata ba ta tsaya ba. Ta hagu ta fara jan ƙasa, kafaɗata ta karkace, hannuna ya miƙe yana laluben wani da ya yi gaba. Ina ji ina gani na durƙusa, na miƙe, na sake durƙusawa. Harshena ya bushe ƙamas, alhali yanzun nan na sha ruwa.

Mata suka yi guɗa, ban da Iya Kande, tsohuwar da kuka zo ayari ɗaya. Ta ja ni gefe. Ta ce haka ƙanwarki Ladi, mahaifiyata, ta yi tafiyarta ta ƙarshe. Ƙaya ta ruɓar mata da ƙafa, ruwa ya ƙare, ayari ya ƙi jira. Ina goye a bayanki, kika bi ayari, tana biye tana faɗuwa har kuka daina ganinta. Ni kuwa ce mini kika yi zazzaɓi ne ya ɗauke ta a kan shimfiɗa.

Wata shida ban taka rawa ba. Na yi fushi da ke ƙwarai. Daga baya na gane da kin zauna da ita, mu uku rairayi zai ci.

Yanzu na koma koyarwa, 'yan mata huɗu ke zuwa. Na yafe miki, Innata, duniya da lahira. Abu ɗaya nake roƙo: idan kin hango ta tafe, wannan karon ki jira ta iso.

Allah ya jiƙanku, ya shayar da ku daga Alkausara, ya haɗa mu a inuwa ɗaya. Amin.

Taki har abada,
Hauwa