Na saka ruwa a madadin laka, yanzu yayana ne ke shiga tankin

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don na riga ku zagin kaina.

Ni injiniya ce. A Daura nake zaune da mahaifina tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki, daga ɗakina nake yi wa wani kamfanin zinariya aiki. Dutse suke niƙawa ya zama laka, a zuba a ƙaton tanki da wani sinadari mai guba, farfela tana juyawa har zinariyar ta narke. Aikina in gina tankin a kwamfuta kafin a ƙera shi, in ga yadda lakar za ta zagaya da inda za ta kwanta. Wa zan yi wa wannan bayanin a nan? Gwaggona cewa take kunu nake damawa a talabijin. Ƙawayena sun yi aure sun watse, Baba kuma ba ya magana. Wallahi sai in wuni ban ji muryata ba.

Lissafin laka mai kauri nauyi gare shi, kwamfutar tawa kuma tsohuwa ce. Sai ta kusa gamawa a ɗauke wuta, batir ya mutu, in koma farko, ga manaja yana ta kira. Rannan na gaji, na goge kaurin lakar na saka na ruwan famfo, da niyyar in gyara daga baya. Kafin la'asar hoto ya fito tas, komai na zagayawa gwanin sha'awa. Manaja ya ce, "Injiniya, hannunki akwai albarka!" Kun san rabon da wani ya yaba min? Sai na ja bakina na yi shiru, aka ƙera tankin da ƙaramar farfela wadda ruwa kawai za ta iya juyawa.

Yayana manomin gero ne a Zango, ni na roƙa masa aikin rani a kamfanin. Makon jiya ya kira ni yana dariya.

"Ƙanwata, tankin nan naki ɗan rigima ne. Laka kwanciya take a gindi ta daskare, sai an kashe inji mun sauka da shebur."

"Yaya, ciki kuke sauka? Da me a jikinku?"

"Takalmin roba mana. Warin ne dai ke sa jiri, jiya sai da aka jawo wani da igiya. Manaja ya ce mu ne ba ma zuba ruwa daidai. Wani ya ce zanen ne ba kyau, saura kaɗan in mare shi. Na ce ƙanwata ba ta kuskure."

Da ya kashe waya na yi kuka har Baba ya juyo yana kallona. Na sake lissafin da laka ta gaskiya, ga wurin da lakar ke kwanciya ya fito ɓaro-ɓaro, daidai inda suke haƙa. In na faɗa, korata za a yi, kuma 'yan kamfanin kaɗai ne mutanen da ke kirana su tambaye ni abin da na sani. Yaya kuma da wane ido zai kalle ni? In na yi shiru, haƙƙin rai ne a wuyana, ina jin tsoron Allah, ina jin kunya.

Ranar Asabar za su sake sauka, kuma Yaya ya ce shi zai fara shiga don ya nuna musu tankin ƙanwarsa ba ya cin mutum. Jama'a, me zan yi?