Murafan Lemon da Na Share

Zuwa ga Yayana Nasiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Mu nan Fagge lafiya muke.

Labarin laftof ɗinka na kawo maka. Amatu, 'yarka da aka haifa bayan ka rasu, ta shiga makaranta, kuma ta fara tambayar yadda muryar babanta take. Ka san ba mu da ita ko'ina sai cikin darussan lissafin da ka naɗa wa ɗalibanka. Na ɗauko laftof ɗin na ɗora kan katifa na kunna. Ta yi haske, fanka ta yi gurnani, ta mutu. Na sake, ta sake.

Na yi abin da nake gani kana yi. Na canza caja, na cire batir, na danne maɓallin kunnawa har yatsana ya gaji. Wani mai gyara a unguwar Bata ko buɗe ta bai yi ba ya ce sai an wanke ta tas, a goge duk abin da ke cikinta. Na rungume ta na fito.

Sai na tuna yadda kake cewa, "In ta ƙi, ki kai wa Ngozi, ita ba ta taɓa na'ura sai ta saurare ta." Na same ta a shagonta na Sabon Gari. Da ta ga laftof ɗin ta gane ta kafin ta gane ni. Ta fara kwashe darussanka ta adana, sannan ta kwance bayan laftof ɗin. Ɓurɓushin yadi ne ya dunƙule a fankar kamar auduga, na atamfofin da Baba ke jibgewa a ɗakinka. Zafi ke kama ta, sai ta kashe kanta kada ta ƙone.

Tana sharewa ta ce, "Hauwa, ina murafan lemonsa?"

Ka tuna su? Waɗanda kake jerawa ƙarƙashinta a kan tebur, mu kuma muna tsokanarka wai ka yi wa kwamfuta takalmin amarya. Kai dai ka ce, "Ku bar ta ta sha iska." Ni na share su da hannuna lokacin zaman makoki, a zatona shara ce. Ngozi ta buɗe mana lemo, muka sha muna dariya muna share hawaye, ta ba ni murafan.

Na gode, Yaya. Na gode da ka bar mana mutane irinta, na gode da surutun nan naka da muke cewa ya yi yawa.

Jiya da la'asar na zaunar da Amatu da mamanta, na kunna darasi na farko. Ka yi gyaran murya yadda ka saba, ka ce, "Assalamu alaikum." Amatu ta gyara ɗankwalinta, ta matso kusa, ta ce, "Wa alaikumussalam, Abba."

Allah ya kai haske kabarinka, ya sa ladan kowane ɗalibi da ka koyar ya riske ka, ya raya mana ita.

Ƙanwarka mai kewarka,
Hauwa