Farin yadin da ka yanka wa jirginka

Malam,

Na tafi Hanwa wurin ƙanwata Ishatu. Tuwonka na cikin kula.

Da safe na shiga zaure shara, sai na ga ɗan jirgin ruwan yaƙin nan naka na katako ya sha fararen ƙyallaye a jikin sandunansa. Na koma ɗaki na buɗe adakata, babu farin yadina.

Malam, likkafanina ne ka yanka. Shi ne wanda na saya a Makka shekarar da na sauke farali, na jiƙa shi da zamzam da hannuna, na shanya. Shekara goma sha ɗaya yana ajiye. Ka ga farin yadi kawai, ka sa almakashi.

Da ka tambaye ni da na faɗa maka. To amma yaushe rabon da ka tambaye ni wani abu? Shekara uku ke nan tun da ka yi ritaya, kai da jirgin da ko a kwata ba zai yi tafiya ba. Kana goge masa igwa ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsakar gida ina hira da kaji.

Kada ka sayo mini wani a kasuwa, ba na so. Ka kwance nawa, ƙyalle bayan ƙyalle, ka ninke ka kawo mini Hanwa da kanka. Ko a yayyanke yake, da shi za a rufe ni.

Siddiƙa