Madarar Alhaji da Tarin Manaja

Gwaggo Azumi, don Allah a agaza mini da shawara tun ban tofar da huhuna a bakin titi ba.

Ni ma'aikacin gidan mai ne a Birnin Kudu, tun shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama. Na gama firamare, na yi dillancin awaki a kasuwa, saboda haka ba a cika yi mini wayo ba. Amma wannan karon na rasa mai yi mini, likita ne ko maigidana.

A gidan man muna da famfo, wannan ba laifi. Gwaram ce babu famfo, ga shi yanzu duk wanda albashinsa ya motsa sai ya sayi babur. Ranar kasuwa sai Alhaji, mai gidan man, ya ɗora ni a bayan a-kori-kura da gangunan fetur in je in sayar. Tiyo nake zurawa a ganga, in kafa baki in zuƙa, da man ya taso in juya shi cikin galan. Ba yabon kai ba, kaf ƙasar nan babu mai bakina. Wasu har haɗiya suke yi, ni kuwa kurɓa ce kawai in furzar. Direbobi ma Manaja suke ce mini. Ranar da babu kasuwa, a ɗakin gangunan nake ƙailula, don ya fi ko'ina sanyi.

Tun damina nake tari. Yanzu ko Fatiha na ja sai na huta a tsakiya, ina haki kamar tsohuwar gingimari a kan tudu. Matata Kulu ta hana ni zama kusa da murhu, wai in na yi gyatsa gidan zai tashi. Ta ce ko tuwo na taɓa sai malmalar ta yi warin tasha.

Na je asibiti. Likita ya saurari ƙirjina, ya ce tururin mai ne ke cin sa, in bar aikin, in kuma dawo a duba kakina. Ban koma ba. Da na gaya wa Alhaji dariya ya yi, ya ce ai maganin fetur madara ce, duk ’yan gidan mai sun sani, har na Ikko. Tun ranar kullum sai ya miƙo mini gwangwani guda, in huda in ɗaga kai. Na yi kumatu, wuya ya cika, tarin ma ya yi ƙiba.

Yayana Buba yana ƙauyenmu Surko yana ta aike in dawo mu riƙa awon dawa. Gwaggo, ni da hular kamfani da biro a aljihu, in koma riƙon tiya? Ƙasa duka ana cin arzikin mai, ni da nake ɗanɗana shi da bakina ne zan bari? Sai dai shekaranjiya na ga jini-jini a kakin, ban ma nuna wa Kulu ba. In mayar da madarar gwangwani biyu ne, ko yaya?

Naki,
Manajan Tiyo, Birnin Kudu

*

Manaja, sannu da jiki.

Tunda ka yi dillancin awaki, ka sha ganin an feɗe akuya. Hanyar abinci daban, ta numfashi daban. Madara ciki take tafiya, tururin fetur kuwa huhu yake shiga. Ko garke guda ka tatse ka shanye, ba za su gamu a hanya ba.

Ban ɗauki Alhaji mugu ba. Abin da ya ji ya faɗa, kuma mai ba ka madara kullum bai ƙi ka ba. Ka dai lura shi bai taɓa kafa baki a tiyon nan ba. Kai ma kana da gaskiyarka, aikin albashi ba abin yarwa ba ne ga mai iyali.

Amma jinin nan ya wuce wasa. Gobe ka koma asibiti a duba kakin, don ana iya samun tarin fuka a ƙarƙashin irin wannan tari, kuma yana da magani in an tare shi da wuri. Ka gaya wa Kulu yau, ita ke shaƙar numfashinka. Zuƙar mai da baki ta ƙare daga yanzu. Akwai famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin ganga, ka ce Alhaji ya sayo a Kano. Ka kwashe tabarmarka daga ɗakin ganguna, in kana zuba mai ka tsaya ta inda iska ke fitowa, kayan aiki kuma a bar su a wurin aiki.

In likita ya sake cewa ka bari, ko Alhaji ya ƙi sayen famfon, ka tafi Surko da bironka. Awon dawa ma yana son manaja.

Madarar kuwa ka ci gaba da karɓa, ka kai wa Kulu ta zuba a shayi. In tiyo ya fashe Alhaji zai aika Kano a sayo sabo. Na zaga Sabon Gari kaf, ban taɓa ganin rumfar da ake sayar da huhu ba.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ka ja Fatiha da numfashi ɗaya.

Gwaggo Azumi