Falle Goma Sha Ɗaya

Haɗeja, 4 ga Rajab, 1357

Zuwa ga yayana Abdulwahid, a ƙasar Sudan. Gaisuwa mai yawa da so da begen ganinka. Ina fatan kana lafiya, kuma aikin auduga bai karya maka ƙugu ba kafin ka ƙarasa Makka.

Bayan haka, ka riga ka ji rasuwar Baba Gwani. Abin da ba ka ji ba shi ne, kwana arba'in ba su cika ba Liman Bunu na masallacin unguwarmu ya aiko a gaya mini in sallami matan da nake karantarwa a tsakar gida. Wai dā albarkacin Baba ake kawar da kai, yanzu kuwa babu malami a gidan, kuma kan mace ba ya riƙe Alƙur'ani, abin da ta haddace da safe tuwon rana ke wanke shi. Mata ashirin da uku, Yaya. Har da Iya 'Yar'azumi mai sayar da bandar kifi, wadda ta fara riƙe allo da furfura a kanta, ta kuma rantse ba za ta mutu ba sai ta kai Yasin. Na sallame su, na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ranar jana'iza ba.

Akwai maganar da na ɓoye maka. Shekara bakwai ke nan idon Baba ya daina ganin baƙi. Alƙur'ani uku da suka fita daga gidanmu da sunansa, ni na rubuta su da ka, shi yana zaune yana saurare. Har da wanda Liman ke buɗewa duk watan azumi yana yabon hannun Gwani.

Ka yi mini addu'a, raina a ɓace yake. Ƙanwarka, Yagana.

Haɗeja, 11 ga Sha'aban

Yayana, gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya baƙunta?

Kogi ya yi halinsa bana. Ya cinye shinkafar fadama, ya shigo unguwa har cikin masallaci, ya jiƙa gafakar Alƙur'anin nan. Falle goma sha ɗaya suka narke. Liman ya zaga almajiran Baba kaf yana neman mai kwaikwayon hannunsa, kowa ya gwada sai abin ya fito kamar kaji sun yi tono. Ni kuwa na ɗauko takarda mai tambarin wata uku, irin ta Alƙur'anin, na dama tawada, na rubuta su cikin kwana shida, na ba Iya 'Yar'azumi ta kai.

Da farko Liman har da hawaye, ya ce marigayi ya bar ajiya. Da Iya ta faɗa masa wadda ta rubuta, sai ya ce na tsinto su ne a akwatin ubana ina neman suna. Iya ba ta iya haɗiye magana, ka san ta. A ƙofar masallaci ta tsaya ta ce in ƙarya ce a gwada ni gaban jama'a. An aika garin Guri a kira Gwani Ya'u, abokin karatun Baba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba, don in na kasa ba ni kaɗai za a yi wa dariya ba.

Taka, Yagana.

Haɗeja, 2 ga watan Azumi

Yaya, ina gaishe ka da babbar murya, barka da shan ruwa. Zauna sosai kafin ka karanta.

Ranar Alhamis da hantsi aka kafa zana a zaurenmu, ni a ciki, malamai tara a waje. Gwani Ya'u ya zare falle ɗaya daga tsakiyar Alƙur'anin, wanda ruwa bai taɓa ba, ya karanta mini kalmar farko kawai, ya kife shi. Na rubuta gaba da baya. Da aka jera su biyu, layi ya hau layi, jan wasali ya zauna inda ɗan'uwansa yake, na kuma tsaya a kan kalmar da tsohon fallen ya tsaya. Liman ya ce a sake. Aka sake har sau uku, na ukun shi ya zaɓa da hannunsa. Duk suka dace.

Gwani Ya'u ya ce shi ya yi shekara hamsin yana duba rubutun maza, bai taɓa tambayar tawada ko wane ne ya dama ta ba. Ya ce wanda duk zai hana wannan gida karatu, ya fara miƙewa ya rubuta falle ɗaya. Babu wanda ya motsa. Matan da suka cika tsakar gida suka saki guɗa har maƙwabta suka zaci haihuwa aka yi.

Sannan ya turo mini fallen ƙarshe ta ƙarƙashin zana, ya ce in sa sunan marubuciya kusa da na Baba, haka ya kamata tun farko. Yaya, hannun nan da ya rubuta izu sittin sau uku, sai ranar ya fara rubuta sunana.

Mun koma karatu ranar Asabar, mu talatin da ɗaya. In ka isa Ɗakin Allah ka ambaci Baba, ka ambace ni.

Ƙanwarka mai ƙaunarka, Yagana 'yar Gwani.