Malam Ishaya, Na Je Kurmi Na Dawo

Zuwa ga Malam Ishaya,
Shugaban Kwamitin Yawon Buɗe Ido,
Ƙungiyar Malaman Makarantarmu, Palladan.

Bayan gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya, kai da Mama Rifkatu da yara. Ya aiki, ya kuma shirin Kirsimeti? Allah ya kai mu da rai da lafiya.

Ranka ya daɗe, na san za ka yi mamakin ganin wannan takarda manne a allon sanarwa, alhali katanga ɗaya ce ta raba gidana da naka a Samaru. A gaban jama'a ka yi magana, shi ya sa nake so ka ji amsa a gaban jama'a. A taron malamai na farkon zangon nan ka miƙe ka ce kwamiti ya cire sunana daga tafiyar kurmi, wai don a hutar da ni. Ka ce can babu masallaci, namansu na daji ne, abin shansu bammi, kuma mota ba za ta riƙa tsayawa ana jiran Malam Habu ya idar da salla ba. Aka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Amma Allah ya sani abin ya yi mini ciwo, kuma da daga bakin wani ya fito ba naka ba, da ciwon bai kai haka ba.

Ka fi kowa sanin abin da ya sa na ƙwallafa rai. Tun kafin a yaye babban ɗanka nake koyar da labarin ƙasa. Na zana kurmi da magangarar ruwa da alli har hannuna ya haddace, amma idona bai taɓa gani ba. 'Yan ajin ƙarshe sun tambaye ni, na faɗa musu gaskiya, na kuma yi musu alkawarin kafin su zauna jarrabawa zan ba su labari daga abin da na gani. To, labarin cire sunana ya riga ni shiga aji. Cikin mako guda na sami sabon suna, Malam Kurmin Allo. Malamin da ɗalibansa suka daina yarda da alkawarinsa, me ya rage masa?

Don haka da hutun tsakiyar zango ya zo, na ɗauki jakata na tafi ni kaɗai. Ga yadda dalilanku suka kasance a hanya.

1. Masauki. Mista Ojong, kafintan nan na Muchia da kuke coci ɗaya, mutumin wajen Ikom ne, can ƙasar kurmi. Da na gaya masa niyyata, sai ya ajiye zarto, ya ja ni wurin mai wayar haya a gindin lema, ya kira yayarsa, Mama Agbo. Kafin mu tashi daga benci na sami ɗaki. Don adalci, ba ku kaɗai kuka tsorata ni ba. Mutanen masallacinmu ma sai da suka yi mini sallama kamar mai tafiya yaƙi, maiɗakina kuwa ta cika mini jaka da kilishi da ƙuli-ƙuli da garin rogo, tana haɗawa tana share hawaye.

2. Salla. Na bar tashar Sabon Gari da asuba ranar Juma'a. A Lafiya direba ya tsaya cin abinci da duba taya, na bi sahu na sami Juma'ata. La'asar na yi ta a tashar Makurɗi, raka'a biyu irin ta matafiyi, mota na lodi. Magariba da Isha'i na haɗa su da na isa. Babu fasinja ko ɗaya da ya jira ni. Mu dai muka jira wani bawan Allah da ya tsaya cinikin doya kamar zai sayi gonar. Addinin da kuka ɗauka kaya ne a kan kwamiti ya yi wa matafiyi rangwame tun kafin a ƙera mota. Da ka tambaye ni ta kan katanga, da na gaya maka.

3. Abin da na gani. Ranar Asabar da safe mai acaɓa ya ratsa da ni gonakin koko da ayabar agade, daga nan muka taka da ƙafa. Malam Ishaya, gani ya kori ji. Itatuwa sun haɗe kai a sama har rana ba ta samun ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Ƙasa a jiƙe, iska tana ƙamshin ruɓaɓɓen ganye, riga ta manne mini a baya. Tun ban ga ruwan ba nake jin rugugi a ƙirjina. Da na ɓullo, sai ga shi yana zubowa daga kan dutse ta wurare da yawa, fari fat, feshinsa yana tashi kamar hayaƙin tukunyar biki. Na tsaya baki buɗe, dattijo da ni, hawaye na bin kumatu, ban kuma ji kunyar kowa ba. Da Azahar ta yi na sa buta a jaka, don ruwan alwala ya fi ƙarfin buta. Na fiddo kamfas ɗin da nake nuna wa yara a aji, na nemo alƙibla, na shimfiɗa darduma a kan falalen dutse. Ban taɓa jin daɗin sujada irin ta ranar ba.

4. Abinci, kuma nan ne maganar take. Daren da na sauka, guzurina na ci, Mama Agbo tana kallona. Washegari da na dawo daga ruwa da yamma, sai na tarar da ita a tsakar gida tana jirana, jan zakara a hammata, wuƙa a hannu an wasa ta tana ƙyalli. Ta miƙo mini su. Ba ta jin Hausa, Turancina kuma bai yi mata daɗin ji ba, amma babu abin da ke buƙatar fassara. Na fuskanci alƙibla, na yi bisimilla, na yanka. Ta dafa shi a sabuwar tukunya da manja da ganye, ta kirɓa sakwara, muka zauna da mutanen gidan duka muka ci har na kasa miƙewa. Tulun bamminsu kuwa ranar a bayan ɗaki ya wuni, ba tare da na roƙa ba.

Da na dawo Zariya na je yi wa Mista Ojong godiya, na tambaye shi wa ya koya wa yayarsa wannan. Ya ce shi ya gaya mata a waya, shi kuma a gidanka ya gani. Kowace Kirsimeti yana zuwa cin abinci, yana ganin ka ƙwanƙwasa mini ƙofa da sassafe in zo in yanka maka akuya, don maƙwabta Musulmi su ci tare da kai. Ashe maganin matsalar da ta gagari kwamiti, a tsakar gidanka aka haɗa shi. Ya yi tafiya har kurmi ya tare ni a can, kai kuma da ka shiga ɗakin taro ka manta da shi.

Ranar Litinin na shiga aji da hotunan da aka wanke mini a Sabon Gari da kwalbar ruwan magangara. Na yi magana har aka buga ƙararrawa babu wanda ya motsa. Sunan Kurmin Allo ya mutu a ranar. Motar kwamiti kuwa, na ji an ce har yau ba ta bar ƙofar makaranta ba. In kuna neman wanda ya san hanya, ga ni.

Roƙona kaɗan ne. Kada a sake cire sunan kowa don a hutar da shi sai an tambaye shi. A mayar da sunayen Malam Tukur da Malam Yusha'u da aka cire tare da nawa, su da kunya ta hana su magana. Sannan ka miƙe a taron da ka yi waccan magana ka janye ta, a tsaye kamar yadda ka faɗe ta.

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya maka zuriya, ya bar mu tare. Na ji kukan akuya ta kan katanga tun shekaranjiya, na san ka sayo. Kwana biyu kana kauce wa idona a hanya, ina jin kana tunanin wanda zai yanka maka bana. Kada ka nemi kowa. Na riga na wasa wuƙata, ka ƙwanƙwasa kamar kullum.

Wassalam.

Maƙwabcinka kuma abokin aikinka,
Malam Habu mai labarin ƙasa,
Samaru, Zariya.